Ruwa Yakan Ragu da Asuba

Motar kawu Esenbek ce,
yadda ta fito daga kamfani haka take.
Ba a ɗaga ta ba, ba a canja mata taya ba,
ba bututun shaƙar iska a kafaɗarta,
ba ƙugiyar ja a goshinta.
Shebur ɗaya, igiya ɗaya, jak mai tsatsa,
sai akwatin allurar tumaki da aka ce in kai
can sama, bayan Naryn, inda kwalta ta ƙare.

Wata uku ke nan da lasin a jakata.

Kawu ya durƙusa kafin mu tashi,
ya ce, Begimai, leƙo nan.
Kin ga wannan ƙullutun da ke tsakiyar aksul?
Nan ne cikinta ya fi kusa da ƙasa.
Duk dutsen da kika gani, ɗora masa taya,
kada ki bar shi ya ratsa ta tsakanin ƙafafunta.

Ya sace wa tayoyin iska kaɗan
har suka yi tumbi.
Ya ce in fitar da manyan yatsuna daga cikin sitiyari,
don in rami ya fizge shi, ba ya neman gafara.

Na sa ƙaramar giya, ƙafa huɗu suka kama.
Sai ta koma tafiyar tsohuwar saniya,
tana gurnani, tana zaɓen wurin taku.
A gangara ƙafata ta yi ta ƙaiƙayin birki.
Kawu ya ce bar injin ya riƙe ta.
Na bari. Gumi a tafin hannuna,
ga ƙanƙara fari fat a kan duwatsu.

Da la'asar muka iso kogin.
Ruwan toka-toka, yana mirgina duwatsu a ƙasansa,
ana jin su kamar ana tauna ƙashi.
Na cire takalmi na shiga da sanda.
Taku huɗu, ya wuce gwiwata,
sanyinsa ya hau har haƙorana.

Wata jibgegiyar mota ta zo ta bayanmu,
tayoyinta sun kai ƙuguna,
fitilu jere a rufinta.
Direban ya ɗaga mana hannu, ya faɗa ruwan,
ya fita can ƙetare yana tsiyaya.
Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.
Na ce, kawu, da tamu irin waccan ce.

Bai amsa ba. Ya hura risho, ya ɗora shayi.
Can ya ce, rana ce ke narkar da ƙanƙara,
ita ke cika kogin.
Da dare dutse yakan rufe bakinsa.
Ya kafa ɗan tsinke a gaɓar ruwa, muka kwanta a kujeru.

Ban yi barcin kirki ba.
Da asuba na tarar da tsinken a busasshen yashi,
taku biyu tsakaninsa da ruwa.

Na sake takawa, iyakarsa ƙwauri.
Na shiga a karkace, ina bin inda ruwan ke gangarawa,
totur a wuri ɗaya, ban taɓa kuloci ba.
A tsakiya taya ɗaya ta zame,
zuciyata ta zame tare da ita,
sauran ukun suka ce ba yau ba.

Wajen hantsi muka ga farar bukkar Ainagul,
hayaƙi na fita ta samanta.
Ta ƙirga kwalaben allura, ta ce sun cika,
ta miƙo mini madarar goɗiya a kwano.
Ba ta tambayi yadda muka haye ba.

Na zagaya na leƙa ƙarƙashin motar.
Ƙarzuwa ɗaya ce, sabuwa, a kan ƙullutun nan,
tsawon ɗan yatsa.
Na san dutsen. Na ma gan shi.